Filin Mai Awo: Tambayoyinku kan alobera

Tun da zafi ya kankama ake ta turo wa filin nan tambayoyi kan alobera, wasu a takarda, akasari ta wayar mujalla. Na tsamo bakwai. Ga sababbin masu karatu, ni ba likita ba ne, mai awo ne. Aikina jini da fitsari da mugunya, a ɗakin gwaji a nan Garwa, tun gashina yana baƙi.

Kafin mu shiga, kowa ya riƙe cewa ganyen nan kaya biyu ya ɗauko. Akwai tsokar tsakiya, garai-garai, mai yauƙi, wadda kusan kashi 99 cikin 100 nata ruwa ne. Akwai kuma wani ruwa rawaya mai ɗan karen ɗaci da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ɓawo da zarar wuƙa ta shiga. Shi ake tarawa a dafa ya daskare, ya zama baƙin dunƙulen nan da Larabawa ke kira sabir, wanda ake samu a rumfunan masu magani daga Marwa har Njamena. Dangin tsiron sun haura 500. Wadda muke dasawa a tsakar gida daga yankin Larabawa asalinta yake, kuma a kanta aka yi yawancin bincike. Ta dajinmu, zabuwa ko kabar giwa, 'yar'uwarta ce, amma ba a auna ta kamar yadda aka auna waccan ba.

Tambaya: Baba Mai Awo, barka da aiki. Na karanta binciken da ya nuna alobera tana kashe ƙwayoyin cuta irin su Staphylococcus da E. coli, har da mai kawo taifot. Kakata a Gider an ce taifot gare ta, ga magani da tsada. In kimiyya ta tabbatar, me ya hana likitoci rubuta ta? Ko don ba za su ci riba ba ne?
Wani ɗalibi, Jami'ar Ngaundere

Amsa: Ɗana, Allah ya ba Kaka lafiya. Abin da ka karanta ba ƙarya ba ne, irinsa ma suna da yawa, an yi a Najeriya, an yi a Indiya, an yi a Habasha. Sai dai zo in nuna maka yadda ake yin sa, don da hannuna nake wannan aiki.

Akwai ɗan faranti mai murfi, faɗinsa santimita 9. Mukan zuba masa abincin ƙwayoyin cuta da zafinsa, mu bari ya daskare kamar romon ƙafar sa da ya kwana cikin hunturu. Sai a shafe fuskarsa da ƙwayar da ake son gwadawa, a huda 'yan ramuka a ɗiga maganin, a rufe, a sa a akwatin ɗumi mai digiri 37, zafin jikin mutum ke nan, ya kwana. Da safe in ka buɗe, ƙwayar ta mamaye ko'ina. Staphylococcus takan fito rawaya-rawaya, Pseudomonas kuwa kore, da wani ƙamshi mai hawa kai wanda duk mai awo ya san shi tun daga bakin ƙofa. Inda maganin ya fi ƙarfinta sai ka ga fili kewaye da ramin, tas, babu komai. Mu ɗauko rula mu auna faɗin filin da milimita. Lambar da ka gani a takardar ke nan.

To, alobera takan buɗe fili, musamman a kan Staphylococcus, mai kawo maruru da mugunya. A kan E. coli da danginta filin kan ƙanƙance, wani sa'in ma babu. Amma koma ka duba, da me suka tatso ganyen? Mafi yawa za ka tarar busar da shi suka yi, suka niƙa, suka jiƙa a etanol ko metanol, suka ƙafar har ya koma ɗan kauri a gindin kwalba. Tulin ganye ke komawa ɗan cokali. Wanda aka tatsa da ruwa zalla, irin yadda za a yi a gida, shi ya fi rauni a yawancin gwaje-gwajen.

Sai batun yawa, a nan gizo ke saƙar. Kafin tatsattsen ganye ya tsayar da ƙwaya, sau da yawa sai an zuba miligiram-miligiram a kowane mililita. Maganin asibiti irin siprofulokzasin, in ƙwayar ba ta riga ta gagare shi ba, ƙasa da maikurogiram ɗaya ya ishe shi, miligiram ɗaya kuwa maikurogiram 1,000 ne. Tafarnuwa ma tana buɗe fili a faranti, zuma na buɗewa, lemon tsami na buɗewa. Ruwan jabel, wato bilic na wanki, ya fi su duka, ban kuwa ji wanda ya ce a ba Kaka ta sha ba.

A faranti, magani da ƙwaya wuri guda suke kwance, ba mai raba su har gari ya waye. Ƙwayar taifot kuwa tana cikin jini da hanta da saifa da matsarmama, har ɓuya take yi a cikin sojojin jikin da aka halitta don su cinye ta. Sinadarin ɗacin nan, aloyin, kusan ba ya shiga jini daga tumbi, wucewa yake har babban hanji, can ya tayar da zawo. Taifot da ma hanji take ci, wajen mako na uku takan iya huda shi, sai tiyata. Irin wannan hanji ba a tura masa maganin wankin ciki.

Zargin riba kuwa, kinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon itace ya fito. Coartem ɗin da ake rubuta maka in zazzaɓi ya kayar da kai, tushensa wani ganye ne na ƙasar Sin, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka ciro sinadarinsa a 1972, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Shi ma a ɗakin gwaji ya fara, amma bai tsaya nan ba. An gwada shi a dabba, an gwada a mutane, an san nawa ke warkarwa, nawa ke cutarwa. Da alobera ta ci wannan jarrabawa a kan taifot, da kamfanonin da kake zargi sun riga kowa ɗura ta a kwalba.

Ni ma ina da tambaya. "An ce taifot", wa ya ce, da wane awo? In Widal ne kaɗai, awo ne na tun 1896, kuma a ƙasa irin tamu yakan nuna alama ga mutumin da lafiyarsa ƙalau, ko mai zazzaɓin cizon sauro. A fara yi mata awon maleriya. In zazzaɓin ya ƙi sauka, a nemi a shuka jininta a yi antibiyogiram, wato wannan farantin dai, amma da ƙwayar jikinta da magungunan asibiti, a ga wanda ya fi ƙarfinta. Gider da Garwa ba nisa, ga reshen Cibiyar Pasteur a nan. Ya fi muku sauƙi a kan sayen magani kala uku a makance.

Tambaya: Malam, ina kwana. Ina tuyar ƙosai da makala a bakin titi. Kusan kullum sai mai ya fallatso min a hannu. Wata ta ce in riƙa shafa alobera, na shafa na ji sanyi. Ƙanwata kuma an yi mata aiki wajen haihuwa, ɗinkin ya ɗan buɗe. Ita ma ta shafa?
Mai ƙosai, unguwar Yelwa, Garwa

Amsa: 'Yar'uwa, ke ki shafa, ita kada ta kuskura.

Ƙunar da ta tsaya a saman fata, ta yi ja ko ta yi 'yar ƙaramar bororo, nan ne alobera ta fi samun shaida. A 2007 wasu masana a Tailan sun haɗa gwaji huɗu da aka yi a kan mutum 371, suka ga waɗanda aka shafa wa sun riga sauran warkewa da kusan kwana 9. A 2012 ƙungiyar Cochrane, waɗanda aka sani da tankaɗe da rairayar binciken lafiya, suka duba gwaje-gwajen raunuka suka ce ingancinsu bai kai a yanke hukunci da su ba. Ni dai a ganina, ga ƙaramar ƙuna tana sanyaya wurin, tana hana shi bushewa, kuma ta fi man goge baki da ɗanyen ƙwai da baƙin mai da nake gani ana lafta wa yara nesa ba kusa ba.

Amma ruwa ne farko. Ruwan famfo ko na randa, ba ƙanƙara ba, minti 20 ake so. Na san mai ƙosai ba ta da minti 20 ga layi na jira, to ki ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa da murhu, ki tsoma hannun iya yadda za ki iya, ki cire zobe tun yatsa bai kumbura ba.

In kin koma gida, ki yanki ganyen ƙasa, wanda ya ƙosa. Ki tsayar da shi a kofi, bakin yankan yana ƙasa, kamar minti 15. Za ki ga rawayan ruwan na ɗiga, in ya jima ya koma ja-ja. Zubar da shi, yakan sa wasu ƙaiƙayi. Ki wanke ganyen, ki fere ƙayoyin gefe, ki ɗaye ɓawon, ki ɗauraye tsokar, hannu da wuƙa duk wankakku da sabulu. Abin da kika yanka yau, na yau ne. Na taɓa shuka tsokar da aka markaɗa ta kwana a kwalba cikin zafin Afrilu, washegari farantin ya cika maƙil. Ruwa ce da sukari-sukari, in ta kwana a zafinmu ƙwayoyin cuta abinci suke samu.

Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko al'aura, ko kan gaɓa, ko wadda ta yi fari ko baƙi ba ta ma zafi, ko ta jikin ƙaramin yaro, wannan asibiti kai tsaye.

Ƙanwarki kuwa, an taɓa gwada daidai irin nata. A 1991 a Amurka an bi matan da ɗinkin tiyatarsu ya buɗe, wasu aka ƙara musu man alobera, wasu aka bar su da wanki na yau da kullum. Masu alobera sai da suka yi kwana 83 a matsakaici kafin su warke, sauran kwana 53. Mata 21 ne kacal, amma ya isa ya sa mutum ya janye hannu. Ta koma inda aka yi mata aikin a riƙa wanke mata. In akwai zazzaɓi, ko wari, ko mugunya, yau ɗin nan za ta je.

Tunda muna zancen mata, masu matsa tsokar a gaba don ciwon sanyi su daina. Abin da ake kira sanyi cututtuka ne daban-daban, kowace da maganinta, wasu ma sai an haɗa da maigida. Awo ne ke rarrabe su.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Babbar mota nake ja, Ngaundere zuwa Njamena. Zama ya sa min basir da taurin bayan gida. Shekara guda ke nan kullum da asuba ina jiƙa ɗan sabir in sha, yanzu in ban sha ba, ba na fita. Ina kuma shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Kwanan nan ƙafafuna na ɗaurewa da dare.
Direba, Kusseri

Amsa: Direba, Allah ya tsare hanya. Duk cikin wasiƙun nan taka ta fi tayar min da hankali.

In aloyin ya isa babban hanji, ƙwayoyin da ke zaune a can ne ke fasa shi. Abin da ya fito sai ya hana hanjin tsotse ruwa, ya kuma sa shi matsawa, shi ya sa bayan awa 6 zuwa 12 kake neman inda za ka faka. Ruwan nan ba shi kaɗai yake fita ba, da fotasiyom yake tafiya, sinadarin da tsoka da zuciya ke aiki da shi. Maganin fitsari irin Lasilix shi ma fotasiyom yake zubarwa. Ka ga ta ƙofa biyu yake fita, shekara guda. Ɗaurewar ƙafar nan tana iya zama alamarsa, in kuwa ya yi ƙasa sosai bugun zuciya ke rikicewa, ga ka da tirela a hannu. Kafin ka sake ɗaukar lodi ka je a yi maka iyonogiram, awon jini ne, ba ya cin lokaci. Ka faɗa wa likita kana shan sabir, da sunansa, kada ka ce "ɗan maganin gargajiya". Maganin hawan jinin kuma kada ka ajiye shi da kanka.

Ba mu kaɗai muka san ɗacin nan ba. Hukumar magunguna ta Turai ta yarda da shi don taurin bayan gida na ɗan lokaci, amma kada a wuce mako guda, ban da mai ciki, da mai shayarwa, da yaron da bai kai shekara 12 ba. Amurka tun 2002 ta cire shi daga magungunan wankin cikin da ake saya ba takardar likita, don kamfanoni ba su kawo shaidar rashin illarsa ba. A 2016 hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa ruwan ganyen da aka tatsa gaba ɗaya, da ɓawo da ɗaci, a jerin abubuwan da mai yiwuwa su kawo kansa, bayan ɓerayen da aka shayar da shi shekara biyu sun yi ƙari a babban hanji. Shaidar ta ɓera ce, amma kai ma sha kake yi kullum.

Hanjinka ya saba da bulala, kwanakin farko za ka sha wuya, kada hakan ya mai da kai. Ruwa da yawa, ko da zai sa ka yawan tsayawa. Miyar kuɓewa, lalo, kuka, wake, gwanda. In ka tsaya Garwa ko Marwa, sauko ka taka, kada ka ci abinci a kan sitiyari ka kwanta. In basir ɗin na zubar da jini a duba shi, ba duk jinin bayan gida ne basir ba. Masu ciwon sukari kuma da ke shan alobera su sani takan ƙara saukar da sukari a kan abin da Daonil ko insulin ke yi, balle da azumi a baki.

Tambaya: Ya zo a Sahihu Muslim cewa mai harama da idonsa ke ciwo ya yi amfani da sabir. Afolo ya shigo makarantarmu. Ko in jiƙa in ɗiga wa almajirai?
Malamin allo, Marwa

Amsa: Allah gafarta Malam, hadisin yana nan, daga Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, kuma kun fi ni sanin lafazinsa: ɗaurawa aka ambata a bisa idon. Ɗigawa ciki wani abu ne daban, ina roƙo kada a yi. Ɗacin yana ƙona ido, abin da aka jiƙa a gida kuma ba ya rasa ƙwayoyin cuta, Pseudomonas ɗin nan kore in ta samu ɗan ƙwarzane a baƙin ido, kwana biyu sun ishe ta ta lalata shi. Afolo akasari bairas ne, cikin mako ɗaya zuwa biyu yake wucewa da kansa. A yawaita wanke hannu da sabulu, kowa da tsummansa, kada a yi karo-karon tozali. Shi kansa tozalin dutse, mai walƙiyar nan, mafi yawansa dalma ce, a nisanta shi da idon yara. Yaron da idonsa ke zubar da mugunya sosai, ko yake gani dishi-dishi, ko ba ya iya kallon haske, a kai shi asibiti.

Tambaya: Alhaji, matata na da ciki wata biyar, an ce jininta ya yi ƙasa. Ƙwayar da aka ba ta a awo na tayar mata da zuciya. Wani mai tallan ruwan alobera na kwalba ya nuna min takarda mai jerin sinadarai, ƙarfe, zinki, kalsiyom, magniziyom, ya ce ya fi ƙwayar. Yana da tsada, amma zan saya in zai yi.
Ɗan kasuwa, Njamena

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka ka saya mata hanta. Jerin nan gaskiya ne, duk suna ciki, har da jan ƙarfe da manganis. Haka suke a cikin kusan kowane ganye da ka sani, har ciyawar bakin Shari. Abin da takardar ba ta gaya maka ba shi ne nawa.

Ga yadda ake auna su. A busar da ganyen ƙarau, a ƙona shi a tanda mai zafin digiri 500 ko fiye har ya zama farar toka, a narkar da tokar a asid, a fesa cikin harshen wutar wata na'ura ta karanta. Sakamakon da ke fitowa na busasshen ganye ne, miligiram kaza a kilo. Tsokar kuwa mun ce kusan duk ruwa ce, giram 100 nata in ya bushe bai fi giram guda ba. Mu ƙaddara, don lissafi kawai, an samu miligiram 200 na ƙarfe a kilon busasshiya. Giram 100 na ɗanya ya ba ka miligiram 0.2 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe kullum, da maikurogiram 400 na folik asid. Ko ƙaramin adadin, sai Hajiya ta cinye kilo 15 na tsokar a yini. Ga shi ba ka san yawan ɗacin da ya rage a kwalbar ba, mai ciki kuwa an hana ta shi.

Ta gwada shan ƙwayar da dare bayan abinci, in bai yi ba ta gaya musu a awo su canza mata. Bayan gida in ya yi baƙi, aikin ƙwayar ne. Hanta kaɗan-kaɗan, nama, kifi, wake, zogale. Sai abin da na san zai yi wa mutanen Njamena wuya: shayi yana hana hanji ɗaukar ƙarfe, ta raba shi da abinci da ƙwayar da awa ɗaya ko biyu. A kuma tabbata ba maleriya ko tsutsar ciki ke shanye jinin ba. Lissafin zinki ma haka yake. Yaro mai zawo miligiram 20 ake ba shi kullum, kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba, tare da ruwan gishiri da sukari, ba ganyen da zai ba shi wannan.

Tambaya: Baba, ina da alobera da yawa a bayan ɗaki, ina markaɗawa da lemon tsami ina sayar wa mata, wani kuma ina busarwa in daka. Katangarmu ɗaya da garejin da ake gyaran batir, ruwansu ta wajenmu yake bi da damina. Wani ya ce tsiron na shan guba. Gaskiya ne?
Wata baiwar Allah, Domayo, Marwa

Amsa: 'Yata, wanda ya gaya miki ya yi miki alheri. Saiwa ba ta tantancewa yadda muke so. Hanyar da take jawo zinki da ƙarfe, ta nan kadmiyom ke bi ya hau har ganye. Dalma ta fi tsayawa a saiwa, amma tana zuwa ta wata hanyar, ƙura, ta kwanta a kan ɓawo da cikin lungun da ganye ya haɗu da ganye. Batirin mota kuwa cikinsa faifan dalma ne da asid. Duk inda ake fasa shi ko ake zubar da ruwansa, ƙasar wurin ta ɗauka, dalma kuma ba ta ruɓewa. An daina sa ta a fetur a ƙasashenmu tun farkon 2006, amma wadda ta zuba a bakin manyan tituna kafin nan tana nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ganyen magani iyaka: dalma kada ta wuce miligiram 10 a kilo, kadmiyom miligiram 0.3. Ido ba ya ganin wannan, harshe ba ya ji, tafasawa ba ta kashe shi, ƙarfe ne ba ƙwayar cuta ba. Garin da kike dakawa ya fi damuna, don busarwa ruwa kawai take kora, ƙarfen ya taru, ga ɓawon da ƙurarsa duk a ciki. In a bakin kwalta ake shanya, an ƙara.

Yara ne abin tsoro. Abin da yaro ya haɗiya na dalma, jikinsa kan ɗauki ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai ɗauka, kuma babu adadin da aka ce wannan ba komai. Kaɗan-kaɗan take cin ƙwaƙwalwa, yaro ya yi ta fama da karatu ba a san dalili ba. Mai yawa kuwa mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda aka riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. Saboda haka kafin alobera, ki duba inda 'ya'yanki ke wasa. Kada su yi rarrafe a inda ruwan garejin ke bi, a wanke musu hannu kafin cin abinci, a yi magana da maƙwabcin cikin mutunci ya juya magudanarsa, in ya ƙi a kai wa mai unguwa.

Wani wurin da ba a zato shi ne tukunya. A 2014 an gwada tukwanen alminiyom da maƙera ke zubawa a nan Kamaru daga tarkacen ƙarafa, aka tafasa ruwa mai tsami a ciki, aka tarar da yawansu na sakin dalma. Tsami ne ke fito da ita. Ke da ke haɗawa da lemon tsami, ki yi a kwanon silba mai kyau ko gilashi, ki adana a kwalba. Masu dafa tsamiya da yakuwa kullum a irin tukwanen nan su ma su ji.

Na'urar awon ƙarafa sai jami'a ko manyan ɗakunan gwaji, ba kowane asibiti ba, kuma kuɗin awon ya fi kuɗin sake shuka. Ki daina sayar da na bayan ɗakin. Ki ciri 'ya'yan da ke fitowa a gindi, ƙanana, ki wanke saiwarsu tas, ki dasa a tukwanen ƙasa da ƙasar gona mai nisa da titi, ki gauraya da yashi don ba ta son laka mai riƙe ruwa. Ban da gwangwanin fenti, ban da kwankon batir, ko da an wanke. Ki ajiye su ɗaya ɓangaren gidan, a kan dakali. Tsofaffin ki tumɓuke, kada a ba dabba, kada a zuba a takin lambu. Abin da za ki sayar nan gaba kuma ki tsiyaye ɗacin, ki faɗa wa masu saye ban da mai ciki da yara.

Tambaya: Malam, duk hunturu kajina sai sun mutu, wuya ya murɗe, kashi kore. Ana cewa a yanka alobera a ruwan shansu.
Manomi, Pitowa

Amsa: Malam, alamun da ka faɗa sun yi kama da annobar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Bairas ce, in ta shigo ko antibayotik ba ya taɓa ta, balle ganye. Rigakafi gare ta, kuma a ƙofar gidanka ake yin sa, a LANAVET, ɗakin gwajin lafiyar dabbobi na ƙasa, da ke Bokle kusa da Garwa. Ka nemi ma'aikacin dabbobi na yankinku tun damina na ƙarewa, kafin iska ta juya. Kazar da ka sayo a kasuwa ka ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. In suka zube da yawa a dare ɗaya, ka sanar da shi, kada a ci, don murar tsuntsaye ma haka take farawa. Kwalba guda kan ishi kaji da yawa, irin wadda ake haɗawa da ruwa kuma ba ta kwana, don haka ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku sa rana ɗaya.